Igiya Gaba Guda

Kun sha ganin hoton nan da ke rataye a ɗakina, wanda kakanku yake zaune a bakin jirginsa sanye da rigar sanyi mai launi biyu, hannuwanta sun rufe masa yatsu. Kun kuma sha jin labarin da ake bayarwa a kanta a gidajen dangi, cewa wai ba don shi aka saƙa ta ba, wai don wani dogon malami ne da ya koyar da mu lissafi, da magana ta fito fili aka miƙa wa tsoho don a rufe zance. Marigayiya Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, ita ta fara wannan labari, Allah Ya jiƙanta, kuma ta fi ni iya ba da labari nesa ba kusa ba. Ban taɓa musa mata ba tana da rai. Sai kwanan baya, da autarku ta tambaye ni cikin dariya ko malamin kyakkyawa ne, na ga ya kamata in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance.

Ni ce 'yar farin Baba da Inna. Ku da kuka tashi kuna hawa wuyan mahaifinku ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A gidanmu na Yelwa, da gidajen da ke kewaye da mu, iyaye suna jin kunyar ɗan fari. Ba ƙiyayya ba ce, ko kusa. Amma ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa a gaban mutane. Ƙannena suna rataya a jikin Baba in ya dawo daga ruwa, suna laluben aljihunsa, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa in yana son ruwan sha, kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi darbejiyar da ke bakin rijiya ya ce:

"Ba kowa gidan ga?"

Sai in tashi in kawo, in ajiye kusa da shi, in koma wurin littafina. Haka na tashi, kuma ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Dama ni ba mai magana ba ce. Na fi son in samu inuwar bayan banda, inda Inna take kyafa kifi, in karanta duk abin da ya faɗo hannuna, har takardar da aka ƙunso sabulu.

Baba direban jirgin ruwa ne. Yana ɗaukar mutane da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi daga Yelwa zuwa kasuwannin bakin tafki, ta wajen ƙasar Ngaski. Ana idar da sallar asuba yake fita. A shekarar da nake ba ku labari, na dawo hutun ƙarshen shekara daga makarantar kwana, sanyi ya sauka sosai, sai Inna ta ce in raka kifinta kasuwar Wara. Wannan ne karo na farko da na shiga jirginsa da wayona. Na zauna cikin fasinja, na buɗe littafi a cinyata, amma ban karanta ko layi ɗaya ba. Ruwan yana fitar da wani farin tururi kamar an ɗora shi a murhu, ba a ganin gaɓa, ba a ganin sama, sai mu kaɗai muna tafiya a cikin fari. Da muka yi nisa sai Baba ya kashe inji. Babu wanda ya tambayi dalili, da alama fasinjansa sun saba. Jirgin ya ci gaba da zamewa shi kaɗai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa a nan ƙauyen su Baba yake, inda aka haife shi, kafin a datse kogin Kwara ruwa ya haɗiye gungunan, wato tsibiran da ke tsakiyarsa. Na leƙa ƙasa. Ban ga komai ba sai fuskata tana rawa, amma a raina na ga tsamiya a tsaye a ƙarƙashin ruwa, na ga karfasa suna shiga ƙofar ɗaki suna fita ta taga, na ga wani yaro mai kama da Baba yana gudu a hankali tsakanin rumbuna.

Da na ɗago sai na gan shi. Yana tsaye a bayan jirgi da 'yar shara marar hannu, ya yafa wani tsohon mayafi, leɓunansa suna motsi da addu'a, jikinsa kuma yana kaɗawa. Ya kai yatsunsa baki yana hura musu iska kafin ya iya kama igiyar tada inji. A lokacin ne wani ɗan kasuwa ya nuna ni da haɓa ya ce:

"Direba, wagga mai littafi ɗiyar wa ta?"

Baba bai waiwayo ba. Ya ce:

"Ɗiyar unguwarmu ta."

Ya ja igiya, inji ya tashi. Amsar daidai take da al'ada, kowane uba mai kunya haka zai ce. Amma ranar, ban san dalili ba, sai ta zauna mini a ƙirji kamar ƙayar kifi. Na dawo gida da abu biyu a raina: yatsun nan da yake hurawa, da son in ga wani abu da ya fito daga hannuna a jikinsa, ko da ba zai taɓa cewa komai ba.

A bayan gidanmu akwai Mama Rifkatu, Bakambariya ce, mijinta yana aiki a asibiti. Kullum da hantsi tana ƙarƙashin mangwaro da kwarashinta, tana saƙa wa jarirai hula da safa. Ita ta koya mini riƙon kwarashi tun ina firamare, don ta lura ina iya zama wuri ɗaya ban motsa ba. Na je na durƙusa na gaishe ta, na daɗe ina wasa da bakin zanena, kafin in iya cewa ina son in saƙa rigar sanyi ta maza, mai maɓallai a gaba.

"Ta maza? Hadiza, ke da ko gaisuwa sai an sa kunne? Wane mai sa'a ne?"

Na ci gaba da murza bakin zanena. Ta dube ni, ta dubi katangar gidanmu, sai ta daina dariya.

"To, na gane. Ki saurara. Ta namiji ba a yi mata ado mai ramuka, iskar ruwa za ta shige. Ki matse saƙar, ki cika ta. Maɓallai a dama suke zama, ramukansu a hagu, kar ki juya ki yi masa ta mata. Sannan ki samo awo: faɗin kafaɗa, tsawon jiki, da tsawonsa daga wannan hannu zuwa wancan."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ulu mai ruwan toka, wanda ta warware daga wata tsohuwar suwaitar mijinta, ta wanke ta naɗe. Ta nuna mini yadda zan fara baya, sannan gaba biyu, sannan hannuwa. Bayan 'yan kwanaki ta tafi ƙauyensu bikin Kirsimeti, ta bar ni da ulu da maganar awo.

Yaya za ki auna mutumin da ba ya duban inda kike? Rigunansa ba su taimake ni ba, domin duk 'yan shara ne da manyan taguwoyi, mutum biyu ma sai su shiga. Sai na koma bin sawunsa a cikin gida. Na lura in zai fita ta ƙofar zaure, kafaɗunsa suna cika ta sai ɗan abin da ba a rasa ba, na auna ƙofar da zare na rage. Akwai wuri a jikin bango inda yake jingina in yana jan carbi, ƙasar ta yi santsi ta yi duhu da siffar bayansa, daga wuya zuwa ƙugu. Na jira ya tafi ruwa, na ɗora zarena a kan wannan inuwa. Ina tuna bangon yana da ɗumi, ko kuwa ni ce na ji haka. Saura hannuwa, su ne suka gagare ni.

Wata rana da la'asar Inna ta ce tana son igiyar ɗaure itace. Baba yana zaune da sabon naɗin igiyar taru. Ya miƙe, ya kama bakinta da yatsun hagu, ya ware hannuwansa iyakar warewa, kamar yadda masunta suke awo, ya ce:

"Gaba guda ta isa?"

Inna ta ce ta isa. Ya yanke, ya yi wa bakunan irin ƙullinsa, mai lanƙwasa biyu, wanda duk bakin ruwa an san nasa ne. Ni ina bayan banda ina kallo. Daga wannan hannu zuwa wancan: ga shi an yanka mini. Washegari na ɗauki igiyar daga kan itacen. Inna ta gan ni. Ta dubi igiyar, ta dubi ulun da ke leƙowa daga cikin zanena, ta ci gaba da juya kifinta. Abin da ban yi tunani ba shi ne, awon masunci daga kan yatsa yake farawa ya ƙare a kan yatsa, hannun riga kuwa a wuyan hannu yake tsayawa. Ni da nake cinye lissafi a aji, wannan bai zo mini ba. Mai gyara mini kuma tana can tana cin shinkafar Kirsimeti.

Kwanakin da suka biyo baya ina tuna su kamar mafarki guda mai tsawo. Ina gama aikin gida sai in shige bayan banda. Hayaƙi yana tashi a hankali ta cikin hasken rana, kwarashi yana shiga yana fita, zare yana bi ta kan yatsana har ya yi mini layi. Wani lokaci in ga kamar taru nake saƙawa, mai ƙananan idanu, wanda za a jefa a kan tsohon ƙauyen nan a jawo shi sama da tsamiyarsa da rumbunansa. In na ga ido ɗaya ya fi 'yan uwansa girma, sai in warware layin duka in sake. Ulun ya sha hayaƙi har ya koma warin kifi. Na gama baya, na gama gaba, na fara hannu, ina gwadawa da igiya, hannu yana ta tafiya bai kai ba.

A nan Gwaggo Kulu ta same ni. Ta zo karɓar kifi, ta zagayo, kafin in ɓoye ta riga ta ɗaga hannun rigar sama tana kallo.

"Ikon Allah. Wanga hannu na wa? Raƙumin dawa anka yi ma riga?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke Hadiza, dube ni. Duk zuri'armu ba mai wanga tsawo. Af, na tuna. Dogon malamin nan da ke aiko miki littattafai, wanda in zai shiga masallaci sai ya duƙa. Shi na, ko?"

Malamin yana aiko mini littattafai ta hannun ƙanwarsa, wannan gaskiya ne, kamar yadda yake aika wa duk ɗalibin da ya ga yana son karatu. Bayan wannan babu komai. Amma kafin magariba labari ya zaga unguwa, ya dawo gida ta ƙofar zaure. Bayan an ci tuwo, Baba ya yi gyaran murya. Da Inna yake magana, amma ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki.

"A gaya ma mai zaren ga, in boko shi na saƙa ma mazan waje riga, to an gama boko. In hutu ya ƙare ta zauna gida."

Inna ta ce:

"To."

Kar ku ga laifinta. Ta san gaskiya, amma uwa ba ta buɗe baki ta kare 'yar fari, da ta yi da an ce ba ta da kunya, kuma da maganarta ba ta yi nauyi ba. Ni ma kalma uku kawai zan faɗa a wuce wurin: taka ce, Baba. Na gwada su a bakina sau da yawa ina wanke-wanke. Amma kunyar nan ba gefe ɗaya take ba. Yadda ba ya iya kiran sunana, haka ni ma ba na iya tsayawa a gabansa in ce na ga kana rawar sanyi. Kuma ko na faɗa, ga hannuwan riga suna ƙaryata ni, tunda kowa ya ga sun fi ƙarfinsa. Na yi tunanin in jefa ta cikin banda in huta. Sai na ga in na ƙone ta, labarin Gwaggo ya tabbata, makaranta kuma ta tafi. Abin da ya rage mini shi ne in gama ta, in bar ta ta yi maganar da na kasa.

Sai ulu ya ƙare. Hannu ɗaya ya tsaya a gwiwar hannu, ɗayan na warware shi zuwa gwiwa don su daidaita, duk da haka babu abin ƙarasawa. Na buɗe akwatina. Suwaitar makarantarmu koriya ce, kowace ɗaliba guda ɗaya take da ita, kuma dole a gan ta a jikinki a taron safe. Na daɗe ina riƙe da ita. Na ce a raina, in ba a bar ni na koma ba, ba ta da amfani, in kuma an bar ni, na ji da sanyin. Na nemo bakin zaren a ƙasan ta, na ja. Tana warwarewa tana wani ɗan sauti kamar ruwa yana tsiyaya, zaren yana fitowa a murɗe. Shi ya sa kuka ga hannuwan kore ne daga gwiwa zuwa ƙasa. Maɓallan kuwa, wata safiya na tarar da su a kan tabarmata a cikin murfin kwalba. Ban tambayi Inna ba.

Na gama ana saura kaɗan hutu ya ƙare. Washegari da safe, Baba ya riga ya sauka bakin ruwa, Inna ta zuba kununsa a kwano, ta ajiye a tsakar gida, ta ce da darbejiya:

"A kai wanga bakin ruwa."

Ba ni ke kaiwa ba a al'ada. Na ɗauka, rigar tana naɗe a ƙarƙashin mayafina, na ɗaure ta da igiyar. Tururi ya rufe tafkin, jirage suna jere kamar shanu a bakin mashaya, ana ta lodin albasa. Na ajiye kwanon a kan katakon da yake zama, na ajiye ƙunshin kusa da shi, na ja baya na tsaya bayan wasu kwanduna. Ƙafafuna sun ƙi tafiya gida.

Baba Ɗanjuma ne ya fara gani. Taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, tsakaninsu babu abin da ba a faɗa.

"Kai direba, ga kayan malam sun ɓata hanya sun faɗo jirginka."

Mutane suka yi dariya, don kowa ya ji labarin. Fuskar Baba ta ɗaure. Ya miƙa hannu zai ture ƙunshin, sai ya tsaya. Ƙullin ya gani. Ya kwance igiyar a hankali, ya juya bakinta a tafinsa. Ya shimfiɗa rigar a kan buhunan albasa, ya ware hannuwanta, ya ɗora igiyar a kai. Ƙulli ya zauna a bakin hannun dama, ƙulli ya zauna a bakin na hagu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire mayafinsa ya saka ta. Kafaɗa ta zauna, tsawo ya zauna, hannuwa kuwa suka zubo suka haɗiye yatsunsa, aka sake fashewa da dariya. Bai kula ba. Ya miƙe tsaye a bayan jirgin, ya ware hannuwansa iyakar warewa, kamar zai auna igiya. Bakin kowane hannu ya tsaya daidai kan dogon yatsansa, bai wuce ba, bai gaza ba. A cikin farin tururin nan sai na ga kamar wani babban tsuntsun ruwa mai korayen fikafikai yana shanya jikinsa. Dariyar ta mutu, domin duk wanda ke wurin ya san awon gaba, ya kuma san na kowa daban yake.

Baba Ɗanjuma bai saduda ba.

"To mun gani, awonka na. Amma wane gwani yas saƙa maka safar hannu haɗe da riga?"

Baba yana saka maɓallai, idonsa a ƙasa. Ya ce:

"Ɗiyata."

Ya juya da sauri ya finciki igiyar inji, ƙara ta cika wurin, kamar yana son ta rufe abin da ya faɗa. Amma na ji. Jirgin ya shige cikin fari, koren hannun nan shi ne abu na ƙarshe da ya ɓace. Na dawo gida ban san ta wace hanya na bi ba. Kwanon ma sai da yamma aka dawo da shi.

Ba a sake tada maganar zama gida ba. Ranar komawa na tarar Inna ta cusa mini busasshen kifi da ƙuli-ƙuli a akwati. A makaranta na sha sharar fili saboda rashin suwaita, na kuma tsaya taron safe da 'yar rigata har sanyin ya wuce. A nan na samo tarin nan da yake ziyartata duk shekara, wanda kuke cewa in je asibiti. Da Mama Rifkatu ta dawo ta ga rigar a jikinsa, ta riƙe baki, ta ce in karɓo ta rage hannuwan, aikin yini ɗaya ne. Na aika ta bakin Inna. Amsar da ta dawo ita ce:

"A bar su. Yatsu ma suna jin sanyi."

Da bakin hannun yake riƙe sandar inji. Na dama yakan yi baƙi da mai, ya cinye, duk hutun da na zo sai in tarar da rigar a ninke a kan akwatina, in sake saƙa wurin, in mayar inda na same ta. Haka muka yi ta yi har ya bar ruwa. Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma kalmar nan bai sake faɗinta a inda zan ji ba. Gwaggo Kulu ba ta bakin ruwa a ranar, Baba kuma ba mai maimaita magana ba ne, shi ya sa labarinta ya rayu.

Rigar tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, da igiyar a naɗe a cikinta. Har yanzu in an buɗe ana jin hayaƙin banda. Duk wanda yake shakka ya shimfiɗa ya gwada.

Saura kai, babbansu. Na san ka lura tun kana ƙarami cewa ina kiran ƙannenka da sunayensu, kai kuwa sai dai in ce a kira mini wancan. Matarka ta ce mini kana fita aiki da sassafe a kan babur, kuma ba ka da abin kirki na sanyi. Na sayi ulu. In ka zo da sallah, ka tsaya a jikin bangon tsakar gida ka ware hannuwanka, ba sai ka ce komai ba, ni ma ba zan ce ba. Yanzu na san a wuyan hannu ake tsayawa. Ban dai yi alkawarin zan tsaya a nan ba.